Don Gildardo, Mai Mayar Da Ɓatattu Gida

Shekara ashirin da huɗu, ƙarfe biyar na asuba Don Gildardo Arboleda yakan kurɓe ruwan rakensa mai zafi, ya cusa wainar masara a aljihu, ya tayar da tsohuwar motarsa mai fenti kala-kala. Daga gonakin kofi zuwa kasuwar gari, mutane a ciki, buhuna da kaji a sama.

A duwatsunmu na Antiyokiya akwai ciwon da muke gado, muna ce masa wauta. Mutum yana shekara arba'in da 'yan kai zai fita gonar da ya yi wayo a cikinta, ya rasa hanyar gida. Hanya ce take fara ɓace masa, sunaye su biyo baya, a ƙarshe sai an ba shi abinci a baki. Magani kuwa babu.

Don Gildardo daga tafiya yake gane masu wannan ciwo. Ya ce mai lafiya gabansa yake kallo, wanda ya ɓata kuwa shinge yake bi da hannu. Sai ya taka birki, fasinja na tsaki.

"Haba Don Gildardo, madarata za ta yi tsami!" in ji Doña Edilma mai shanu.

"Ta yi mana, uwar ɗakina, ai da ma rabinta ruwa ne."

Haka ya tsinci mahaifiyata a bakin gada, takalmi ƙafa ɗaya. Bai ce mata ta ɓata ba. Cewa ya yi, "Hau gaba, Inna, kujerar manya ce." Sau tara yana kawo mana ita har ƙofa.

Shekara uku ke nan, wata ranar kasuwa, ya iso mararrabar da ya bi sau dubbai, ya tsaya. Ya dubi hagu, ya dubi dama. Mu arba'in ne a motar. Mun san abin, wallahi mun sani. Doña Edilma ce ta ce, "Dama, ɗan'uwana," tana goge ido. Da muka isa ya zare makulli ya miƙa wa ƙaninsa. Ya ce, "Ba zan zuba mutane a rami ba."

Don Gildardo, kai ne ka san ƙofar kowa, yau ga shi sai an nuna maka ta ɗakinka. Raina a ɓace yake, ban ga hasken wannan abu ba, ga 'ya'yanka uku kowa na jiran nasa rabon na wannan ciwo. Mun gode, gatan ɓatattu. Ku kuma direbobin yanzu masu gudu kamar ana korarku, don Allah ku riƙa duba bakin hanya.

Na makara da wannan godiya. Jiya na je na karanta masa, ya saurara tsaf yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "Kai, wannan direba mutumin kirki ne. Ɗan gidan wa ne?"