Malama Angela da Layin Motocin Ilyasu

Malama Angela ta koya wa Ilyasu direba yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni. Yana da shekara hamsin da takwas a lokacin. Ita tana da sittin da biyu.

Gidanta yana Tungan Maje, daidai inda kwalta ta ƙare. Da ƙarfe biyar da rabi na safe take buɗe ƙofa. Ta share baranda, ta fito da benci biyu, ta jingina allo da bango. Sai ta ɗora tsohuwar kwamfutarta a kan tebur, ta lulluɓe ta da zani saboda raɓa. Da damina hazo kan sauko wa unguwar har ba a ganin tsallaken titi, sai fitilun manyan motoci masu zuwa Gwagwalada suna wucewa a hankali kamar a ƙarƙashin ruwa suke tafiya. Daga cikin hazon nan ɗalibanta ke ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da littafinsa a cikin leda. Akwai tela, akwai mai gadi da ya sauka daga aiki, akwai Kindness mai sayar da kifi a Kado, wadda ake jin dariyarta kafin a ga fuskarta.

Shekara talatin da biyar Malama ta yi a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikatar gwamnati. Ba a taɓa kiran sunanta a taro ba. Da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango. Ta rataye shi a baranda, shi ke auna darasi. Minti arba'in ne, sai kowa ya kama hanyar nemansa.

Dokarta ɗaya ce: kullum. Ƙaramin aiki guda a rana, umarni biyar ko shida, a rubuta da biro a littafi kafin a taɓa na'ura. Na Lahadi tun Asabar take bayarwa, don tana zuwa coci. In mutum ya yi fashi ya dawo yana cewa zai rama, sai ta ce, “Ba a ramawa. Yi na yau.”

Ilyasu ya yi shekara talatin yana tuƙi daga wata ƙaramar tasha a gefen Jabi. Haɗari ya sandarar masa da gwiwar dama, ya kasa taka birki. Direbobi suka ba shi benci da littafi, ya riƙa rubuta layin lodi: wace mota ce a gaba, wace ce ke bin ta. Littafin ya zama abin faɗa. Ruwa ya jiƙa shi, wani ya ce an goge sunansa, wani ya ce an tsallake shi da gangan. Shugaban direbobin, Bartholomew, ya ce za a mayar da layin cikin waya, kuma za a nemo wanda ya iya. Ilyasu ya gane abin da ake nufi. In bencin nan ya tafi, babu sauran abin da zai fitar da shi daga gida da safe.

Haka ya zo barandar, yana jan ƙafa, ya tsaya daga nesa.

“Malama, aji uku na yi a firamare.”

“Ka iya ba yaron mota umarni?”

“Shekara talatin ina yi.”

“To zauna. Wannan ta fi yaron mota jin magana, amma ba ta da wayonsa ko kaɗan.”

Da kwano ta fara masa. Ta jera kwano uku a tebur, ta manna wa kowanne suna. Ta ce kwamfuta ba ta san komai ba. Kai za ka ba ta kwano, ka raɗa masa suna, ka zuba abu a ciki. In ka kira sunan, ta miƙo maka abin da ka zuba. Sati biyu suna kan kwano. Daga nan suka shiga “idan”: idan kaza ya faru yi kaza, in ba haka ba yi kaza. Sai “maimaita”. Kalmomin na Turanci ne, amma ba su da yawa. Ilyasu ya haddace su yadda ya haddace alamun hanya, ya san siffarsu kafin ya san karatunsu.

Yatsunsa sun saba da sitiyari, sai su danna harafi biyu a lokaci guda. Kindness ta riƙa tsokanarsa.

“Baba direba, ba hon ba ne, a hankali ake taɓawa!”

“Ke dai wanke hannu kafin ki taɓa, kada na'urar ta fara warin tarwaɗa.”

Bai yi fashin kwana ɗaya ba. A wata na huɗu abin ya fara binsa har cikin mota. In bas ta zo wucewa ta gefen tafkin Jabi da safe, ya kan jingina kai da taga, ya ga motocin tasharsu sun zama ƙananan kwanuka a kan ruwa, kowane da sunan direbansa, suna tafiya a jere, na gaba ya fice, ya kewayo ya koma baya, babu mai ihu, babu mai zagi. Sai kwandasta ya taɓa shi ya farga.

A wata na bakwai ya gama rubuta nasa umarnin layin lodi. Malama ta taya shi sa shi a waya. Ranar Talata aka gwada a tasha. Mota huɗu suka yi lodi lafiya, wayar na fito da suna bayan suna. Na biyar layin Kure ne, dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin. Kure kuwa ya tafi kai matarsa asibiti a Zuba, bai gaya wa kowa ba. Wayar ta rubuta tana jiran Kure. Ilyasu ya danna. Tana jiran Kure. Ya sake dannawa. Fasinjoji suka taru da kaya a ka.

“Oga Ilyasu, wayarka ta yi barci ne?”

“Ku ƙyale ta, ladabi gare ta, ba ta tsallake babba!”

Aka yi ta dariya. Aka ɗauko tsohon littafi. Bartholomew ya ja shi gefe ya ce, “Zuwa Litinin, Ilyasu. In bai yi ba, ka san ba laifina ba ne.”

Washegari ana yayyafi. Ilyasu ya miƙa wa Malama littafinsa. Ta bi rubutun da yatsa. Yatsan ya tsaya a wuri ɗaya. Duk wanda ke barandar ya ga ya tsaya. Ta rufe littafin ta mayar masa, ta sauka tsakar gida.

“Ni ce wayar. Karanta mini abin da ka rubuta.”

Ya karanta. “Kira mai layi.”

Ta ɗaga murya. “Kure!”

“Idan yana nan, ya yi lodi. Idan ba ya nan, jira shi.”

Ta sauke hannuwa ta tsaya cak.

Yayyafi na sauka a ɗankwalinta. Agogo na tafiya. Minti biyu, minti biyar. Ruwa ya fara bin gefen fuskarta, ba ta share ba.

“Malama, shigo mana,” in ji Ilyasu.

“A ina ka rubuta in shigo?”

“Baba direba, ka saki Mama, sanyi zai kama ta!” in ji Kindness. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Ilyasu ya kafa mata ido. Hazo ya rufe katangar da ke bayanta, sai ita kaɗai ake gani a tsaye. Yana kallonta, tashar ta zo masa gaba ɗaya. A tasha ba a tsallake mutum don ba ya kusa da motarsa. Sai a duba ƙofar masallaci ko takalminsa na nan. A duba teburin mai shayi ko ya bar kofi rabi. In babu, ɗan kamasho ya kira sunansa. Ya kira, ya saurara. Ya sake kira. A na uku in shiru, na baya ya yi lodi, shi kuma wanda ba ya nan a ajiye masa wurinsa har ya dawo. Shekara talatin yana cikin wannan. Babu wanda ya taɓa gaya masa, shi ma bai taɓa gaya wa kowa ba. Abin ya zauna masa a jiki har ya manta cewa doka ce. Waya kuwa ba ta ganin takalmi, ba ta ganin kofi.

Ya ɗauki biro. Ya buɗe sabon kwano ya sa masa suna kira. Duk kira ɗaya, a ƙara ɗaya a ciki. In ya kai uku, a wuce, a bar mai layi a gaba. Ya karanta mata.

“Kure!” Ta ɗaga yatsa ɗaya. “Kure!” Biyu. “Kure!” Uku. Sannan ta tako ta hau baranda, zaninta na ɗiga. Ta dubi agogo ta ce saura minti tara, kowa ya buɗe aikin yau.

Mura ta kama ta har kwana uku. Ba ta rufe ajin ba.

Malama Angela, ke ce kika ga kuskuren tun karatun farko. Da kin nuna masa da yatsa, da ya gode miki, da kuma gobe ya sake zuwa da wani a hannu yana jira. Kika zaɓi ki jiƙe. Ke ce uwar masu sammako. Ke ce kika ɗauki mutumin da ƙafa ta yaudara, kika nuna masa kansa bai mutu ba. Tela ya shaida. Mai gadi ya shaida. Kindness, wadda yanzu wayarta ke tuna mata kifin da ya fi daɗewa a ƙanƙara, ta shaida. Mun gode. Allah Ya ƙara lafiya, Ya ja kwana.

Garin nan cike yake da waɗanda suka gama aikin gwamnati, sani fal kai, suna zaune a falo suna canza tashar talabijin. Ku fito da benci. Ba sai da zaure ba, ba sai da biki ba. Minti arba'in, amma kullum.

Ranar Litinin aka sake gwadawa. Wayar ta kira wanda ba ya nan sau uku, ta wuce, ta ajiye masa wurinsa. Har yamma ba a ɗaga murya ba. Amma ba a nan maganar bencin ta ƙare ba. Ilyasu yana kan bencinsa har yau, kuma dalilin shi ne abin da ya faru a barandar bayan kwana biyu.

Bartholomew ya zo da kansa ana tsakiyar darasi. Ya gaishe ta da girmamawa, ya ƙi zama. Ilyasu na bencin baya, kansa a cikin littafi.

“Madam, aikin ya yi kyau, mun gode. Amma mun san hannunki ne.”

“Ko harafi ɗaya ban rubuta ba.”

“To, ko ma dai yaya ne. Abin nan in ya lalace wata rana fa? Ilyasu namu ne, amma direba ne, Madam. Ki taimaka ki samo mana mai takarda, wanda ya yi makaranta sosai, ya riƙe mana.”

Biron Ilyasu ya tsaya.

Malama ba ta ajiye allin da ke hannunta ba.

“Oga Bartholomew, wanda ya gina abin ga shi nan zaune. In ya lalace shi zai gyara. Ba zan samo muku kowa ba.”