Hular Auta

Masu babur ne suka raɗa masa suna Baba Usur, sunan kuwa ya bi shi har gida. Shi ne dattijon nan mai ba da hannu a shataletalen kasuwa, wanda ya fara tsayuwa a wurin da baƙin gashi, ga shi yau furfura ta cinye kan. Ba a taɓa ƙara masa girma ba, shi ma ya daina tambaya. Abin da aikin ya ba shi bai wuce ciwon gwiwa ba, da tarin da ba ya jin magani, da kunne ɗaya da hon ɗin manyan motoci ya kusa kashewa. In ka yi masa magana ta hagu, ka yi wa iska.

Yana da rumfar kwano a gefen titi, da benci mai ƙafa guda gajeriya wadda ya tallafe da bulo. A ƙarƙashin bencin akwai butarsa, da takalmin roba da yake sakawa in ƙafa ta kumbura, da wasu manyan kwalaye a naɗe. Sababbin ma'aikata kan ɗauka na zama ne. Ba ya gyara musu zance, don ya san ranar da za a buƙaci kwalin za su gani da idonsu. Da shi yake rufe wanda ya faɗi bai tashi ba, kafin motar asibiti ta iso, in ta iso. Ya rufe da yawa, kuma kusan dukansu a ka suka samu abin da ya kai su lahira.

Dokar hular kwano ta zo a gabansa, ta tafi, ta sake dawowa. Duk sabon ogan da aka kawo sai ya tara su a ofis ya buga tebur, a yi mako biyu ana kama babura kamar za a ƙarar da su, daga nan kowa ya gaji. Masu babur kuwa sun fi dokar wayo. Hular tana rataye a gwiwar hannu tun daga gida, sai an zo daidai gidan man da ke kafin shataletale a ɗora ta a ka kamar murfin tukunya, igiyar tana lilo a gefen kunne. Da an wuce Baba Usur, an haye 'yar gadar gaba, ta koma gwiwar hannu. Ya sha faɗa wa matarsa cewa a garin nan babu gwiwar hannun da za ta taɓa fashewa. A da yakan tsayar da su ya yi nasiha har muryarsa ta dishe. Yanzu sai ya nuna haɓarsa da yatsa, mai babur ya yi kamar zai ɗaure igiya, kowa ya kama gabansa. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya saukewa.

Cikin duk masu bin hanyar nan, mutum ɗaya ne ke saka hularsa tun daga ƙofar gida, ya ɗaure igiya tsaf. Mijin Auta ne, 'yarsa ta ƙarshe. Malamin makaranta ne, yaro mai natsuwa, mai ladabin da har yakan ishi mutum. Kullum da safe yakan ɗauko Auta a bayansa ya sauke ta a kantin maganin da take aiki, shi ya wuce makaranta, kuma hanyarsu ta shataletale take.

To, ladabin nan ne ya zame wa Baba Usur ciwon kai. A ganin Malam, rashin tarbiyya ne mutum ya gaida surukinsa fuska a rufe kamar ɗan fashi. Saboda haka da sun zo gidan mai, daidai inda kowa ke ɗora hula, nan shi yake kwance tasa. Ya zare ta da hannun hagu, ya riƙe kan babur da hannu ɗaya, ya shigo shataletale yana rusunawa, yana "Baba, ina kwana, an tashi lafiya," ga motoci ta ko'ina. Auta kuma a baya, zaman gefe, ba komai a kanta sai ɗankwali da gyale, tana sunne fuska tana murmushi. Sannan ga cikin fari da ya fara fitowa, wanda uban ya yi kamar bai gani ba, alhali shi yake fara gani kullum.

Yakan amsa gaisuwar, ya ɗaga musu hannu su wuce, ya bi bayan 'yarsa da kallo har gada ta ɓoye ta. Sai a lokacin yake sakin numfashi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don shi ya san ƙarar da kan mutum ke yi idan ya haɗu da kwalta.

Ka ce ya yi magana mana. Mutumin da ya tsayar da direbobin tirela, ya zare makullin 'ya'yan manya, shi ne ya kasa buɗe baki a gaban mijin 'yarsa. In Malam ya zo gida gaisuwa, ya zauna can bakin tabarma kai a sunkuye, sai Baba Usur ya tambaye shi makaranta, ya tambaye shi mutanen gida, ya rasa ta inda zai ɓullo. Ta yaya za ka ce wa wanda ya girmama ka ya daina? Ya taɓa gwadawa. Ya ce hanya ta lalace yanzu, sai ana kula. Malam ya ce ƙwarai kuwa, Baba, mutane ba sa jin magana.

Sai ya bi ta hannun matarsa. Ya ce ta faɗa wa Auta ta faɗa wa mijinta ya bar hularsa a kansa, ya kuma saya mata tata. Uwar Auta ta ga maganar ta yi kaushi, sai ta goge ta kaɗan, ta ce wa 'yar, babanki ya ce ku riƙa kula a hanya. Auta ita ma ta ƙara mata zuma. Abin da ya isa kunnen Malam shi ne Baba yana lura da su kullum, yana sa musu albarka. Washegari ya cire hular tun kafin gidan mai, ya ƙara wa rusunawar zurfi.

Da Baba Usur ya ga haka, ya shiga kasuwa da kansa ya saya wa Auta hula. Fara ce, mai gilashi, mai laushi ta ciki, kuma sai da ya ƙwanƙwasa kusan duk na shagon kafin ya yarda da ita. Ya kawo ta rumfa a cikin ledarta, ya tura ƙarƙashin benci kusa da kwalayen. Nan ta yi makonni. Kullum ya ce gobe zai tsayar da su ya ba ta, kullum Malam ya shigo yana rusunawa, hannunsa ya ɗagu da kansa ya ba su hanya. Abokin aikinsa ya taɓa tsokanarsa, ya ce ko amarya zai ƙara ne ya fara tara kayan lefe da hular kwano. Bai yi dariya ba.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, wata mota kuma ta zubar da baƙin mai a kwanar shiga shataletale. Tun da sassafe ya roƙi masu shago yashi ya watsa, amma bai isa ba. Yana cikin ba da hannu ya hango su. Ya ga hannun Malam ya tafi haɓa. Ya ɗaga nasa hannun yana nufin a'a, bari, Malam ya ɗauka gaisuwa aka riga shi, sai ya ƙara sauri wajen zare hular. Tayar baya ta taka man, babur ya yi gefe. Wata tifa cike da yashi da ke bayansu ta ja birki har tana karkarwa.

Auta ta faɗi ta gefenta. Kanta ya sauka a kan ruwan da ya taru, bai fi taƙi ɗaya da bakin simintin shataletale ba. Hular Malam ta suɓuce daga hannunsa, ta gangara ta shige ƙarƙashin tifa.

Baba Usur bai san ya yi gudu ba, shi da gwiwar da ba ta hawa matakala. Ya tarar ta riga ta tashi zaune, gwiwar hannunta ta ƙuje, ɗayan hannun a kan cikinta, tana cewa ba komai, Baba, ba komai. Mata biyu masu sayar da lemo suka kama ta suka kai ta benci. Malam ya miƙe da ƙyar, wando a yage, ya zo gabansa ya durƙusa a cikin ruwan.

Baba Usur ya ɗaga babur ɗin, ya zare makulli, kamar yadda ya yi wa dubban mutane. Kunyar da ta ɗaure masa baki tun ranar ɗaurin aure ta tafi, ba ta yi sallama ba. Masu babur sun taru, kuma duk sun san ko wane ne a durƙushe.

"Kai, wa ya koya maka tuƙi?" ya ce, da muryar da yake yi wa direbobin tifa. "Ni na ce ina son gaisuwarka? Gaisuwarka za ta mayar min da ita in kanta ya fashe? Kana koyar da 'ya'yan mutane, kai ba ka da hankalin riƙe babur da hannu biyu?"

"Baba, a yi haƙuri."

"Kada ka ƙara gaishe ni a hanyar nan. Ka ji ko? Kada ka ƙara."

Wani daga cikin masu babur ya yi dariya, aka zungure shi. Malam bai ɗago ba.

Baba Usur ya koma rumfa, ya ture kwalayen, ya jawo ledar. Rabonsa da taɓa kan Auta tun tana 'yar firamare, lokacin da yake duba mata ko zazzaɓi ya sauka. Ya ɗora mata hular a kan ɗankwalin, ya laluba igiyar ƙarƙashin haɓarta ya ɗaure, ya sa yatsa ya gwada ko ta matse. Tana kuka, shi kuma ya yi kamar igiyar ce ke ba shi wahala. Ya tare musu motar haya ta kai su asibiti. Da yamma aka aiko cewa ita da cikin lafiya lau, ya ba wa wani makanike makullin ya kai babur ɗin gida, bai rubuta tara ba.

Abokan aiki sun yaba masa. Har oga ya ji labari, ya kafa misali da shi a taro, wai ga ma'aikacin da bai bar ko surukinsa ba. Baba Usur ya ji kamar ya nutse a ƙasa.

Washegari bai gan su ba, ya ce hutawa take yi. Mako ya zagayo, shiru. Ya koma yana kallon kowane jan babur irin na Malam da ya ɓullo daga gidan mai, har ya kusa haɗa motoci biyu wata safiya don hankalinsa ba ya wurin. Malam ya ci gaba da zuwa gida gaisuwa, ya zauna can nesa fiye da da, ya amsa abin da aka tambaye shi, ya tashi. Ba fushi a fuskarsa, kunya ce kawai, wadda ta fi fushi wuyar sha'ani.

A ƙarshe uwar Auta ta je duba 'yarta. Ta dawo bayan la'asar ta tarar da shi a tsakar gida, ƙafafu a cikin robar ruwan ɗumi. Ta ce Auta ta koma aiki tuntuni. Malam ne ba ya iya haɗa ido da shi a bakin aiki, shi ya sa suke zagayawa ta hanyar bayan gari.

Ya san hanyar. Ita ce tankokin mai da tireloli ke bi, ba danja, ba mai ba da hannu, ramuka kuwa kamar an yi da gangan.

"Da hular take bi?" ya tambaya.

"Ai kuwa na gan ta, Baban Auta," in ji matar, tana ninke gyalenta da jin daɗin mai kawo labari mai kyau. "Ta goge ta fes ta mayar a ledarta, ta ɗora a saman sif ɗin kayanta. Ta ce kyautar Babanta ce, da hannunsa ya saka mata, ba za ta bari ta ƙuje ba."

Ya zauna har ruwan ya huce, sannan ya ce ta miƙo masa tawul. Da safe ya goge usur ɗinsa ya tafi shataletale, masu babur suna ɗora huluna a gidan mai, suna saukewa a gada, yana ba su hannu, kunnensa mai ji yana fuskantar hanyar bayan gari.