Maƙogwaron ladanin garinmu

Ladanin ƙauyenmu, can bayan Tsanyawa, ya faɗo daga kan amalanken shanu ranar da ake kwaso dammunan gero, ƙashin wuyansa ya tsage. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu sa barci, don haka da aka kawo shi asibitinmu a Kano, hannuna ya faɗo.

Likitoci suna fargabar lakar da ke cikin ƙashin, kada wuyan ya gurɗe ƙafafu su mutu. Shi kuwa tsohon ko a jikinsa. Da na yi masa bayanin za mu zura masa bututun numfashi ta maƙogwaro kafin a yi masa aikin wuyan, sai ya harare ni.

"Ke 'yar nan, muryar fa?"

"Baba, ta wuyanka muke yi."

"Wuyan me? Gurgu yana kiran salla. Bebe fa?"

Haushi ya kama ni, dariya ma ta kama ni. Amma tsoronsa ba na banza ba ne, bututu yakan ƙuje wurin.

A da, sai an ɗaga haɓar mutum an tanƙwara wuya kafin a hango hanyar iska. Wannan wuyan kuwa ba a taɓa shi. Likitarmu ta ɗauko abin leƙa maƙogwaro mai kyamara a baki. Ni na riƙe kansa da hannu biyu kamar mai riƙon ƙwaryar nono cike fal, ita ta zura abin ta kan harshe, idonta a kan allo. Sai ga su, wasu siraran jijiyoyi biyu farare, nan murya take fitowa. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Ɗan abin nan ne yake kai kiran salla har gonakin bayan rafi? Ta saka bututun a tsakaninsu a hankali, wuyan bai motsa ba.

Washegari da hantsi aka cire bututun. Ya motsa yatsun ƙafa, muka hau hamdala, shi ko kallonmu bai yi ba. Ya yi gyaran murya, ya gwada kabbara a hankali, ta fito a dishe. Ya sake, ta ɗan washe. A ta uku ya sake ta gaba ɗaya, har mai gadon kusa ya zabura yana tambaya ko azahar ta yi.

Sannan ya rufe ido, hawaye na gangarowa cikin abin da aka tallafe masa wuya da shi.

"To, yanzu ku gaya mini labarin ƙafar," in ji shi.