Ƙwan Zabin Inna Kulu

Cikin shekarun da na yi ina aikin asibiti, ranar da na je Boyekai don in janye maganata ita ce ba ta taɓa fita raina ba. Ku sababbin ma'aikata nake son ku ji wannan, tunda na ga yadda bakinku yake saurin cewa "a daina cin kaza".

Lokacin ina ƙaramin jami'in lafiya a wani asibitin karkara a ƙasar Goronyo, ko shekara ban cika ba. Aikina awon jini, rubuta kati, da yi wa marasa lafiya bayanin abinci. Abin da ya fi ƙarfina in miƙa wa shugabarmu, Sista Balkisu. Amma a lokacin gani nake babu abin da ya fi ƙarfina. Farar riga ta hau mini kai.

Farkon damina aka kawo Malam Labbo, wani dattijon malami daga Boyekai, yana fama da ciwon kai da jiri. Jininsa ya hau, takardar gwajin da ya zo da ita daga birni kuma ta nuna kitsen jininsa, wato kolestarol, ya yi yawa. Irin kitsen nan ne yake taruwa a jijiyoyi har ya takura zuciya. Na tambaye shi me yake ci. Ya ce haƙora sun ƙare, nama ya gagare shi, sai kunu da tuwo mai laushi da dafaffen ƙwan zabin matarsa, ɗaya ko biyu da safe. Ina jin ƙwai na ce na kama ɓarawo. Na ce masa daga yau babu shi babu ƙwai. Ya dube ni ya ce, "Na ɗauka, likita." Ban san nauyin wannan amsa ba.

Sai bayan kaka aka dawo da shi, an riƙo shi ta kafaɗa biyu. Ya rame, wuyansa ya fito, jinin kuma ya fi na da hawa. A ranar matarsa Inna Kulu ta biyo shi, Sista ta ja ta gefe ta yi mata tambayar da ban taɓa tunanin yi ba: me take zuba masa a kwano?

Inna ta ce tun da aka hana shi ƙwai ya daina sha'awar abinci. Tausayinsa ya sa ta riƙa malala masa man shanu a tuwo, ta ƙara gishiri da dunƙule a miya ko zai ci. Ita ma ta bar ƙwan, don ba za ta ci abin da aka hana maigida yana kallo ba.

Sista ba ta yi mini faɗa a gabansu ba. A ofis ta zaunar da ni ta ce gaskiya ne gwaiduwa tana da kolestarol, amma a yawancin mutane man shanu da kitsen nama da soye-soye sun fi ƙwai tayar da shi, gishiri kuma shi ke hura hawan jini. Dafaffen ƙwai ɗaya a rana ba zai cuci dattijon da ba shi da ciwon suga ba, kuma shi ne kaɗai abin gina jiki da yake iya taunawa. Ta ce na cire masa abinci na bar masa cutar. Na ji kunya har cikin ƙashina.

Ta fita ta gaya wa Malam ya koma cin ƙwansa. Ya yi godiya, amma ya ƙi. Ya ce ba da ita ya yi alkawari ba, da yaron da ya auna shi ya yi. Ni kuwa na maƙale a ɗakin magani har suka tafi.

Kwana uku ina juyayi, sannan na hau babur. Na iske shi a zaure cikin dattawan gari, inda ya saba ba da karatu, sai dai ranar kishingiɗe yake. Na durƙusa na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ad da laihi. Abin da nic ce maka kuskure na."

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Mi ag gare ka na kunya, ɗana? Mu ma muna ba da fatawa mu janye in mun ga daidai. Ka kwance ni?"

Na ce na kwance shi.

Ya aika cikin gida. Inna ta aiko da ƙwan kaza guda, dafaffe, tare da ban haƙuri, wai zabi sun daina ƙwai tun da ruwa ya janye. Ya ɓare shi a hankali ya ci a gabana, ya ce na kaza ma ƙwai ne, amma bai kai na zabo garɗi ba, sai baɗi in da rai.

Aka rage mai da gishiri, ya riƙe maganinsa. Jinin ya sauka, ya yi ƙwari har ya koma ba da karatu a zaune. Cikin bazara wani zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi abinSa kafin ruwan farko.

Ba ni na kashe shi ba, na sani. Amma abin yana ci mini rai har gobe. Mutanenmu in sun yarda da kai, maganarka alkawari ce, ba su ragewa ba su ƙarawa. Shi ya sa tun daga ranar ban sake hana kowa abinci ba sai na tambayi mai dafa masa, na kuma san abin da zai ci a madadinsa. Damina guda na hana Malam Labbo ƙwan zabin matarsa, ashe ita ce ta ƙarshe da ta rage masa.