Iya Tsuyako Ta Yi Nutso a Tudu

Aikina a gidan yinin tsofaffi na ƙauyenmu shi ne duk abin da ya yi wa ma'aikata mata nauyi. Ni ke tuƙa motar da ke kwaso tsofaffin da safe, ni ke ɗaga na kan keken guragu, ni ke goge daɓe idan an zubar da miya. Kafin nan a masana'antar kifin gwangwani nake, har aka rufe ta. Sunana Shigeharu, amma tsofaffin nan da suka san ni tun ina yawo ba wando, ba mai ce mini komai sai Shige.

Ba na yarda da kayan da aka kawo da dogon jawabi. An taɓa kawo mana kujerar tausa, da baƙi da tafi, yanzu a kanta muke shanya tawul. Don haka ranar da Malama Oizumi, mai gashin ƙashi da ke zuwa mana daga asibitin gari, ta buɗe akwati ta fito da wani ƙaton tabarau mai rufe rabin fuska, ta ce duk wanda ya sa zai ga kansa a wani wuri dabam, zai riƙa taku yana miƙa hannu har ƙafarsa ta yi ƙwari ya daina faɗuwa, sai na ce to, na ci gaba da wankin kofuna.

Wadda ta fi kowa buƙatar abin ita ce Iya Tsuyako Nakaseko. Ta haye tamanin, gajeruwa ce mai faɗin ƙirji, kunnenta ɗaya ruwa ya cinye shi, shi ya sa ko gaisuwa za ta yi kamar tana kiran jirgi ne. Tun tana budurwa take nutso, kamar uwarta da kakarta. Matan gaɓarmu ba su san tukunyar iska ba, da numfashi ɗaya suke sauka ƙasan teku su ɓamɓaro awabi, ƙaton dodon koɗin nan da ke manne wa dutse. Da ta auri Tokuzo sai suka koma aikin kwale-kwale. Ita ta ɗaura igiya a ƙugu ta rungumi dalma ta nutse, shi yana sama riƙe da ɗaya bakin. Idan iska ta kusa ƙare mata sai ta fizgi igiyar, shi kuma ya jawo ta da iya ƙarfinsa. A tudu kuwa kullum cikin faɗa suke, duk unguwa na ji.

"Mutumin nan bai taɓa ce mini abinci ya yi daɗi ba," in ji ta, "amma bai taɓa makara da igiya ba."

Bayan rasuwarsa ta ci gaba da shiga ruwa daga gaɓa, da bahonta na katako da take zuba kamu a ciki, har gwiwa ta ce ta gaji. Ta koma shanya ciyawar teku da zagin maƙwabta. Gidanta na can saman tudu, inda mota ba ta kaiwa, sai an taka matakalar dutse.

Cikin sanyin bara ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar banɗaki, wuyan hannunta ya tsage. Hannun ya warke, tafiyar ce ta lalace. Matar da ke tsalle daga dutse zuwa dutse ta koma jan ƙafa, ido a ƙasa, hannu na laluben bango. Mu da muke wannan aikin mun sani, mai irin wannan tafiya shi ke sake faɗuwa.

'Yarta Harumi ta zo daga birnin Nagoya, a gabana ta faɗa mata, ina tsaye riƙe da ƙofar mota.

"Inna, zan dawo hutun ziyarar kaburbura a Agusta. In na same ki kina wannan tafiyar, tare za mu koma. Na gyara miki ɗaki."

"A hawa na nawa?"

"Can sama. Akwai na'urar hawa."

"Ana ganin ruwa?"

"Ana ganin tashar jirgin ƙasa."

Iya Tsuyako ta shiga mota. Ranar ko direban gabanmu ba ta zaga ba, abin da ban taɓa gani ba.

Da tabarau ya zo, Malama Oizumi ta ɗaura mata ɗamara a ƙugu, ta ce in tsaya a bayanta in riƙe. Ta maƙala mata wani ɗan abu a yatsa mai nuna ƙarfin iskar jini. Mu muna ganin abin da take gani a talabijin ɗin bango. Aka fara da hanyar daji, ganyaye na zubowa, ana so ka taka duwatsu ka cafe su.

"Malama, na rasa abin yi ne zan bi ganye da gudu?" in ji Iya Tsuyako. Ta ja ƙafa sau biyu ta tsaya. "Cire mini wannan tukunyar."

"Iya, bari in canza miki wuri. Akwai teku."

"Tekun 'yan birni."

Sai talabijin ya koma shuɗi. Ga duwatsu, ga ciyawa na kaɗawa, ga kifaye na wucewa, ga wasu 'yan koɗi masu ƙyalli an warwatsa su cikin lungunan dutse, ana so a tsinta. Na ji ɗamarar ta yi tauri a hannuna. Tsohuwar nan ta buɗe ƙafa, ta durƙusa, ta zura hannu ƙarƙashin dutsen da babu shi, ta juya a kan dunduniya, ta yi wani dogon taku zuwa hagu har sai da na bi ta da sauri. Sauran tsofaffin suka ajiye kofunan shayi.

"Kai, ku ga Tsuyako!" in ji ƙawarta Iya Kinue, ita ma tsohuwar mai nutso. "Ashe munafurci ne jan ƙafar!"

Ba ta tanka ba. Wannan ya kamata ya ba ni tsoro, don ba a taɓa tsokanarta ta yi shiru ba. Ina kallon wuyanta ya yi ja, jijiyoyi sun tashi. Malama Oizumi ta dubi abin yatsa ta daka tsawa, daidai lokacin gwiwoyin Iya suka saki. Na tallabe ta na zaunar a kujera, Malama ta fizge tabarau. Iya Tsuyako ta ɗaga kai ta tsuke baki ta saki wani dogon fito mai kaifi, irin wanda matanmu ke yi idan sun ɓullo saman ruwa.

"Iya! Ba kya numfashi!"

"Wane mahaukaci ne ke numfashi a ƙarƙashin ruwa?"

"Ai babu ruwa. Kina tsakiyar ɗaki, ga Shige, ga tulun shayi."

"Na sani mana, ba yarinya ba ce ni. Je ki gaya wa ƙirjina."

Malama Oizumi ta yi iya ƙoƙarinta, ba zan rage mata ba. Ta ce ta riƙa ƙirga kifi da ƙarfi. Ta ce ta rera waƙa. Ta sa aka kunna fanka a fuskarta don ta ji iska. Duk a banza. Da zarar shuɗin nan ya rufe mata ido sai bakinta ya kulle gam. Aka gwada Iya Kinue da wata tsohuwar, duk haka suka yi. Wani tsohon ma'aikacin gidan waya kuwa ya shiga tekun yana hira yana hamma.

Malama ta ce ba za ta bari wata ta suma a hannunta ba, kuma gaskiyarta ce. Aka hana masu nutso teku, aka mayar da su daji. Iya Tsuyako ta koma jan ƙafa cikin ganye. Daga baya ma idan na je ɗaukarta sai ta leƙo ta taga ta ce kanta na ciwo. Damina ta shigo, Agusta na matsowa.

Iya Kinue ce ta warware shi, bakinta cike da wainar shinkafa.

"Ku dai ba ku da wayo. Kun jefa mace a ruwa ba kowa a kwale-kwale. Yaushe za ta fito? Wa zai jawo ta? Ku ɗaura mata igiya mana."

Malama Oizumi ta juya abin a ranta. Ta ce riƙe numfashi ba abin wasa ba ne ga mai hawan jini, za ta fara tambayar likitan Iya. Da ta dawo ta kafa sharaɗi: nutson zai zama gajere ƙwarai, kuma idan ita ta ɗaga hannu, a jawo, ko Iya ta fizga ko ba ta fizga ba. Ni kuwa na ci gaba da wankin kofuna. Da aka tashi na bi ta tashar kwale-kwale na roƙo tsohuwar igiya wurin wani masunci, na wanke ta, na hau tudu da ita washegari. Iya Tsuyako ta leƙo za ta fara zancen ciwon kai, na ɗaga mata igiyar. Ta dube ta, ta dube ni, ta tafi neman takalminta.

Da kanta ta ƙulla ta a jikin ɗamarar, don ta ce ƙullina na masu gwangwani ne.

"Kai ɗan Genzo, ka iya riƙo kuwa? Kada ka ja kamar kana jan akuya. Kada kuma ka saki ta yi lako-lako, ina so in ji ka."

"To, Iya."

"Tsuyako ta yi sabon miji!" in ji Iya Kinue. "Ga sanƙo, ga tumbi, amma dai da sauransa."

"Ke rufe mana baki. Kin taɓa ganin na zaɓi kyakkyawa?"

Ta ja numfashi, Malama ta sauke mata tabarau, ta tafi. Taku, durƙuso, miƙa hannu, juyi. Can na ji fizga a tafin hannuna, ƙarama amma ba ta da shakka. Na jawo, ta miƙe tsaye, Malama ta ɗage tabarau, fito ya cika ɗakin. Ta huta ta sake komawa. Sau ɗaya Malama ta ɗaga hannu na jawo ta tana dab da kama wani babban koɗi, na sha zagi har da kakana.

Haka muka yi ta yi. Sauran masu nutson suka ce su ma sai an ɗaura musu. Duk ranar da Malama ta zo, gidan sai ya cika da fito kamar gaɓa a lokacin kamun awabi, ni kuwa in koma gida kafaɗa na zogi. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ban ga wani abin mamaki dare ɗaya ba. Na dai lura wata rana ta hau mota ba ta kama hannuna ba, wata rana kuma ta zagi mai babur.

Harumi ta zo a Agusta kamar yadda ta ce. Da yamma na kawo Iya gindin tudu, na tarar da motarta a ajiye, kujerar baya cike da kwalaye a ninke. Tana tsaye a saman matakala, hannu a ƙirji. Iya Tsuyako ta ga kwalayen ta kau da kai, ta fara hawa, ina biye da jakarta.

Hawan ya yi kyau, ba laifi. Sai dai a can sama maƙwabcinta ya ja tiyon ruwa ya gitta hanya yana ba wa kabewarsa ruwa, ita kuma idonta na kan 'yarta. Ƙafarta ta harɗe, jikinta ya tafi gaba gaba ɗaya. Ni ina baya da nisa, jaka a hannu. Harumi ta ƙwalla ƙara.

Ƙafar dama ta fita can gaba ta dira, gwiwa ta lanƙwashe, hannuwa suka baje. Ta yi ɗan tangaɗi ta tsaya cak. Sannan ta miƙe ta juya wajen katanga.

"Kai Yasuo! Tarko ka ɗana wa mutane? Zo ka kwashe wannan macijin naka kafin in yanka shi gunduwa-gunduwa!"

Ta wuce 'yarta ta shige gida tana ci gaba da faɗa. Harumi ta daɗe tana kallon tiyon. Sannan ta juyo wajena.

"Shige, da ta faɗi fa?"

"Ba ta faɗi ba."

"Kullum haka take yanzu?"

"Ni direba ne. Kin dai gani da idonki."

Ba a gama a nan ba, don uwa da 'ya sun yi ta ja-in-ja har ƙarshen hutun, maƙwabta sun ba ni labari. Abin da suka tsaya a kai shi ne za a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki da bakin ƙofa, a sassaƙe dokin ƙofar nan, kuma Iya ba za ta ƙara yin fashin zuwa wurinmu ba. Harumi za ta sake dubawa a sabuwar shekara. Ƙarafan ni na kafa su ranar hutuna, Iya na tsaye a kaina tana cewa sun karkace.

Ranar da Harumi za ta koma na taya ta saukar da kaya. Kwalaye uku ta buɗe cikin waɗanda ta zo da su, uwar ta cika mata su da busasshen kifi da ciyawar teku da kabewar Yasuo, wadda ya kawo don ba da haƙuri. Iya Tsuyako ta tsaya a saman matakala tana ba da umarni da muryar da ake ji har tashar kwale-kwale.

"Kifin nan ki ci shi, kada ki rabar wa 'yan ofis! Kai kuma Shige, gobe ka zo da wuri. Kinue ta ce ta fi ni tsinta, zan nuna mata."