Direban da Bai Taɓa Sa Ribas Ba

Shekara talatin da ɗaya Delmer Tackett ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a nan gundumarmu, cikin tsaunukan gabashin Kentucky, kuma abin tinƙahonsa a duniya guda ne: bai taɓa sa ribas ba. In ya wuce ƙofar gidan wani yaro, sai ya zagaya ta bayan coci, ya haye gada, ya dawo, mil huɗu cur, yara suna ta ihu, shi ko a jikinsa. Yadda yake a mota haka yake a baki. In Delmer ya ce yau Talata, ko kalanda ka kawo masa cewa zai yi masu bugawa ne suka yi kuskure.

Wannan hali ne ya raba shi da ƙaninsa Virgil. Wata ranar bikin godiya na shekara-shekara, ana tsakiyar cin talotalo, Virgil ya ce marigayiya mahaifiyarsu takan barbaɗa ɗan sukari a burodin masara. Delmer ya ajiye cokali ya ce ƙarya ne, uwarsu ba ta taɓa aikata wannan abin kunya ba. Daga nan shekara tara ba sa ga maciji da juna, alhali daga tagar kicin ɗin Delmer ana hango rufin gidan Virgil. Har Virgil ya rasu ba su shirya ba. A wasiyyarsa ya bar layi ɗaya: "Sanata na Delmer ne. Halinsu ɗaya."

Sanata doki ne, ja, mai faɗin baya. Ya sami sunan ne saboda ci da barci da wuyar juyawa. Delmer ya karɓe shi yana gunaguni, amma duk gari an san shi yake taje masa geza kullum da safe, yana ba shi labarin siyasa.

To, idon Delmer ya daɗe da raunana. Tabarau kuwa yana cikin durowar keken ɗinkin matarsa Opal, don ya ce idonsa garau yake. A haka ne wata kyanwa ta fara zuwa barga. Ya sa mata suna Miss Pearl, kullum da yamma ya zuba mata abinci a gefen buhun hatsin doki. Ya yarda fuskarta ta cika tsawo, wutsiyarta ba gashi, kuma ba ta taɓa yin kukan kyanwa ba, amma ya ce rashin gata ne. Da ya matso kusa sai ta faɗi ta sandare, harshe a waje. Ya ce ciwon zuciya ke damunta, ya riƙa yi mata fifita da hula har ta farfaɗo. Opal ba ta shiga barga, ciyawa na sa ta atishawa, don haka labarin kawai take ji.

Cikin Oktoba Sanata ya fara tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu. Yana jan kofaton hagu na baya, yana jingina da bango, cinyar hagu ta zabge. Delmer ya ce ƙasar wurin ce ta karkace. Sai da dokin ya faɗi wata safiya ya yi ta fama kafin ya miƙe, sannan Opal ta ɗauki waya ta kira Dakta Renfro, likitar dabbobi, ba ta ko shawarce shi ba.

Dakta Renfro 'yar guntuwa ce, kuma Delmer ya kai ta makaranta tun tana da giɓi. Ta sa shi ya ja dokin gaba, ita kuma ta kama wutsiya ta fizgo gefe. Wannan ƙaton doki ya biyo ta luu, da ƙyar ta kauce. Ta ɗebi jini ta tafi. Bayan kwana biyar ta dawo da yamma, ba fara'a a fuskarta.

"Wata ƙwayar cuta ce ta shiga lakar bayansa," in ji ta. "Daga kashin fosam ake samunta, in ya gauraya da abincin doki. Akwai fosam a bargar nan?"

Kowa a nan ya san fosam, dabbar nan mai kama da gafiya, mai farar fuska, wadda in ta tsorata sai ta yi mutuwar ƙarya.

"Ko ɗaya," in ji Delmer. "Miss Pearl ba za ta bari ba."

Bai rufe baki ba sai ga Miss Pearl ta fito daga bayan buhu, 'ya'ya shida maƙale a gadon bayanta.

Dakta ta daɗe tana kallo. "Mista Tackett, a ina ka taɓa ganin kyanwa da goyo?"

"Uwa ce ta gari," in ji shi.

Ba ta tsaya musu ba, ta san motar da ta shiga tana yarinya. Ta ce magani kwana ashirin da takwas, bayansa motsa jiki kullum: tsallake sanduna, hawan tudu, sannan babban cikinsu, tafiya da baya, don ƙafafun su sake koyon inda suke. Nan da wata uku za ta dawo ta ja wutsiya. In ya tsaya, to. In ya sake biyo ta, dokin da ke faɗuwa kan mutane ba a barinsa yana wahala, allura za ta yi masa ya huta.

Maganin dai ya shiga, rabi a cikin doki, rabi a gaban rigar Delmer. Sanduna da tudu ma an yi. Da aka zo ja da baya ne Sanata ya kafe. Delmer ya tura ƙirjinsa, ya lallaɓa, ya yi masa barazanar kotu, dokin ko gezau.

Opal tana tsaye can nesa, ta toshe hanci da hankici. "Virgil ba turawa yake yi ba," ta ce. "Gefensa yake tsayawa, kafaɗa da kafaɗa, su ja da baya tare."

"Ni ba na ja da baya."

"Na sani, Delmer Tackett. Shekara arba'in da huɗu ina sani. To sai ka tanadi shebur ɗin haƙa masa kabari."

Ta miƙa masa tabarau, ta ce ai sai ya ga inda kofato ke sauka. Ya karɓa, ya maƙala, ya juya zai shiga barga, suka yi ido huɗu da Miss Pearl a bakin ƙofa. Ta buɗe baki, haƙora reras. Delmer ya zauna a kan bokiti. Da hannunsa ya yi shekara biyu yana kiwon abin nan a gefen abincin dokin ƙaninsa, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

"Opal," ya ce a hankali, "wannan ba kyanwa ba ce."

Ranar ya juye hatsi cikin duro mai murfi, ya toshe ramukan barga, ya daina ajiye kwano. Miss Pearl ta kwashe iyalinta ta koma bayan coci, inda aka ce har ƙiba ta yi.

Washegari aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Delmer da Sanata, kafaɗa da kafaɗa, suna tafiya da baya a fili, taku uku, su huta, taku uku. Kafin mako ya zagayo, tsofaffin yaran motarsa, yanzu ƙarti masu gemu, sun fara faka a-kori-kura a bakin shinge da kofin gahawa a hannu. Wani yana kwaikwayon ƙarar motar da ta sa ribas, wani yana cewa, "Zo, zo, Mista Tackett, ba komai a bayanka." Akwai kwamin ruwan doki a bayansa, kuma ya zauna a ciki har ƙugu. Ya tashi tsamo-tsamo, ya koma gefen dokinsa. Taku uku ya zama goma, goma ya zama talatin, har cikin dusar ƙanƙara.

Dakta Renfro ta dawo ƙarshen Janairu. Delmer ya riƙe igiya. Ta naɗe wutsiya a hannu ta ja. Sanata ya ci gaba da tafiyarsa. Ta kafa ƙafa ta ja da duk ƙarfinta, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas a laka. Dokin ya waiwayo ya dube ta, ya koma neman ciyawa.

"Ba zai ci gasar tsere ba," ta ce daga inda take zaune. "Amma ba zan buɗe jakar allurata ba."

Delmer ya cire tabarau yana gogewa, ya ce sanyi ne ya sa shi raɓa.

Da rana Opal ta kawo wake da burodin masara mai zafi. Ya gutsura, bai ci ba. Da tabarau a idonsa, rufin gidan Virgil ya fito tar a taga, har da bututun hayaƙin da ba hayaƙi.

"Tana sa sukarin," ya ce. "Mama. Rabin cokali. Na sha ganinta."

Opal ta ajiye wuƙa. "Yaushe ka tuna?"

"Tun kafin Virgil ya rufe baki."

Ta tura masa gwangwanin sukari, ya ɗebi rabin cokali ya barbaɗa.