Hular Yaya Mai Karin Hagu

Sana'ata wankin hula ce. Rumfata tana bakin kasuwar birni, duk wanda ya bi ta nan da hantsi zai ga huluna jere a rana, kowace an ɗora ta a kan gungumen itacen da ke ba ta siffar kai. Akwai masu raina aikin, ni kuwa ba a raina ni in yi shiru, shi ya sa abokan sana'a suke cewa bakina ya fi sabuluna kumfa. Ban taɓa musa musu ba.

Hula kafin ta iso hannuna ta bi ta hannu biyu. Mai zane ne ke fara shata fasalinta a kan farin ƙyalle, sai a rarraba gidaje mata su bi zanen da zare da allura, daga nan a kawo mana mu wanke, mu sa sitaci, mu ɗora a itace ta bushe ta miƙe. Mai zane kowa ya san shi, har cewa ake yi wannan hannun wane ne. Matar da ta yi wata guda tana tsiyayar da idonta a kan hular, ko mai sayarwa bai san ƙofar ɗakinta ba. Yayata tana cikin waɗannan matan.

Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma har yau da furfura a gemuna Auta take kirana, ko a gaban 'ya'yana. Tun ina rarrafe nake ganinta da allura. Ta auri wani malami mai karantarwa a zaure, mutum mai sanyin hali, ta zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa, duk tsawon zaman nan tana ɗinka zanen wasu. Bayan rasuwar Malam sai ɗinkin ya zama abokin hirarta. In ka shiga gidan za ka same ta a gindin bishiyar lemon tsamin tsakar gida, ƙafa a miƙe, kwandon zare a gefe.

Sai ido ya fara gajiya. Da farko jikanyarta take kira ta zura mata zare. Aka yanka mata gilashi, ya ɗan taimaka, ya daina. Ranar da wani mai sayar da hula ya maido mata aiki ya ce ɗinkin ya sauka daga kan layi, na je na tarar ta ajiye hular a cinya tana shafawa. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Auta, in na ajiye allura, in zauna in riƙa jiran me?" Na fito raina a ɓace, na je na sauke fushina a kan mai hular, wanda a gaskiya ba shi da laifi.

A shekarar nan ne dattawan ƙungiyarmu ta masu sana'ar hula suka yanke shawarar shirya gasa. Dalilinsu a fili yake. Hulunan inji sun cika kasuwa, samari kuma suna cewa zanenmu shi ne dai wanda kakanninsu suka sa ranar aurensu. Aka yi shela a unguwanni cewa duk mai sabon zane ya kawo, namiji ko mace, yaro ko babba, da sharaɗin zanen ya fito daga kansa. Wanda nasa ya karɓu, masu sayarwa za su riƙa ba shi aikin zane. Ina jin haka na tuna Yaya, domin zane layi ne mai kauri a kan farin ƙyalle, ba ya cin ido yadda allura take ci. In aka karɓe ta a matsayin mai zane, ba ta bar sana'ar ba ke nan.

Na kai mata labari ina tsammanin sai na sha fama. Sai kawai ta ce in sayo mata fensir.

Ta zana hularta ta gasa, ta kama ɗinka ta da kanta, ta daɗe a kanta. Da safe kawai take ɗinkin, lokacin da rana ta haske tsakar gida sosai, ta kuma hana kowa taɓawa. Ta ce wannan ce ta ƙarshe da za ta ɗinka da hannunta, don haka ba ta son hannun kowa a ciki. Da ta gama ta aika aka kira ni in ɗauka in wanke.

Ina warware ta gabana ya faɗi. Zaren shuɗi ne da ruwan ƙasa, ɗinkin ya zauna daram, gefen dama da baya duk sun yi kyau. Amma a gefen hagu ga rabin tauraro a nan, ga ɗaya rabin can nesa, tsakaninsu fili fari fat babu ko ɗigon zare. Na ce a raina shi ke nan, idon ya ci amanarta, ta yi kuskuren awo ba ta gani ba. Na fara kame-kame, ina neman hanyar da zan gaya mata ba tare da na karya mata zuciya ba.

"Yaya, nan wajen kamar zare ya ƙare miki ne?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai Auta! Shekara da shekaru kana wanke hula, ashe itace kake kallo, ba ka taɓa kallon kan mutum ba. Miƙo nan."

Ta kifa hular a gwiwarta, ta sa yatsu biyu ta karya ta gefen hagu. Farin filin ya shige cikin karin, rabin tauraron nan ya je ya sami ɗan'uwansa, suka haɗe cif.

"Haka Malam yake karya tasa," in ji ta. "Duk hular da na ɗinka masa, wurin da ya fi ba ni wahala shi ne yake shigewa cikin kari, ba mai ganinsa. Masu zane a shimfiɗe suke zanawa, sun manta hula karya ta ake yi. Abin ya daɗe yana ba ni haushi, ban dai taɓa faɗa ba."

Na zauna ina kallon gwiwarta, sai ga Malam a idona yana fitowa daga zaure da hularsa a karye ta hagu. Daɗi ya kama ni, kewarsa ma ta kama ni, duk a lokaci guda.

Matsalar ita ce, a wurinmu hular da aka wanke aka sa wa sitaci ba a taɓa ta. Ba a sa ta, ba a karya ta, sai wanda ya saya ya yi mata karin farko da hannunsa. Haka muka tashi muka tarar, kuma haka aka tsara gasar, kowace hula a kan itace, a miƙe. A kan itace kuwa hular Yaya aikin mai kuskure ce. Na je wurin shugaban alƙalan gasar, wani tsohon mai zane da duk birni ake girmama hannunsa, Alhaji muke ce masa kawai. Na roƙe shi a bar wannan guda ɗaya a nuna ta a kan mutum.

"In na bar taka a kai, gobe kowa zai zo mini da kansa," in ji Alhaji. "Itace ba ya son kai, shi ya sa muke ɗorawa a kansa. Je ka, Allah ya ba mai rabo sa'a."

Na fito ina ƙunƙuni. Ban gaya wa Yaya ba.

An yi taron ranar wata Asabar a filin wata makarantar firamare da ke cikin birni. Yaya ta ƙi zuwa, ta ce ko ta je ba abin da za ta hango. Gaskiya na ga abin da ya faranta mini rai ranar. Wani saurayi daga unguwar Tudun Jukun ya zana ganuwa ta zagaye hula da ƙofofinta. Wata ɗaliba daga unguwar Kongo ta kawo zanen da ta fitar da kwamfuta, ta ba innarta ta ɗinka, layukan sun shiga juna yadda ban taɓa gani ba. Wani tela daga unguwar Tukur-Tukur ya haɗa launukan da na rantse ba za su zauna tare ba, sai ga shi sun zauna. Na tsaya ina cewa ashe yaran nan suna nan, mu ne ba mu taɓa tambayarsu ba.

Alƙalai suka biyo layi, suna duƙawa suna dubawa, hannayensu a baya. Da suka iso kan ta Yaya, ɗayansu ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, hannu mai kyau, amma awo ya kuɓuce." Wani matashi a bayana ya ce wa abokinsa mai wannan zare ne ya ƙare masa a hanya, suka ƙyalƙyale da dariya. Alhaji ya ɗan daɗe a kanta, sannan ya ɗaga ƙafa zai wuce.

Ni dai na san jinina ya hau. Na tsallake igiyar da aka gitta, na cire hular kaina na cusa a aljihu, na zare ta Yaya daga kan itacen na kafa, na sa yatsu biyu na karya ta hagu. Sitacin ya yi ƙara, kowa ya ji. Wuri ya ɗauki salati, wani yana cewa ya lalata ta, wani yana cewa dama an san halinsa.

"Ku duba yanzu!" na ce. "A kai ake sa hula, ba a itace ba!"

Alhaji ya dawo. Bai yi mini faɗa ba, ya kama haɓata ya juya fuskata gefe kamar wanzami zai yi aski. Ya ɗaga karin da ɗan yatsa, tauraron ya rabu, ya sake shi, ya haɗe. Ya sake yi. Sannan ya tambaye ni wa ya zana. Na ce Yayata ce, mai ɗinki ce, wannan ne zanenta na farko.

"To," in ji shi. "Ka karya doka, an fitar da hular daga gasa. Koma bayan igiya."

Ɗalibar Kongo ce ta zo ta ɗaya, saurayin Tudun Jukun yana biye da ita, kuma ko a lokacin da nake cikin fushi na san sun cancanta. Na tafi gidan Yaya da hular a kaina. Na zayyana mata komai, na ce ta yafe mini. Ta shafa karin da hannu ta ce, "Sun dai gani?" Na ce sun gani. Ta ce to, ta tashi ta zubo mini tuwo. Amma na lura ta tura kwandon zaren ƙarƙashin gado, fensirin ma yana ciki, abin ya tsaya mini a rai.

Bayan 'yan kwanaki ina cikin kumfa har gwiwar hannu sai ga Alhaji a bakin rumfata, shi da ba ya zuwa wurin kowa sai dai a je wurinsa. Na yi sauri na goge hannu na durƙusa. Ya miƙo mini farin ƙyalle a naɗe, ya ce doka doka ce, ba zai warware ta don bakina ba. Ya ce tun yana saurayi yake zane, bai taɓa tunanin inda kari yake faɗawa ba, kuma ya yi magana da masu sayarwa biyu za su aiko da nasu.

"Wannan tawa ce," in ji shi. "Ka kai wa Yayarka ta zana mini. Ka ce mata ni ta dama nake karyawa."

Ban ko rufe rumfa ba, na bar wa maƙwabcina na kama hanya. Yaya ta karɓi ƙyallen ta warware shi a cinya, ta daɗe tana shafawa. Ta sa jikanyarta ta jawo kwandon daga ƙarƙashin gado, ta lalubo fensirin. Sai ta tsaya.

"Ta dama ya ce? Kai ka gani da idonka?"

Na ce ban lura ba.

"Maza ba su san yadda suke sa hularsu ba. Koma ka dubo mini. Ka ga ko gaba take yi ko baya, kuma yatsa nawa take nutsewa."

Na koma na dubo. Ta dama ce, amma ta ɗan zamo gaba, yatsa biyu. Tun daga ranar aikina ya ƙaru. Duk wanda ya aiko Yaya ta zana masa, ni ake turawa in je in tsaya a gabansa in ƙare wa kansa kallo, in dawo in ba da bayani. A masallaci ma sai in kama kaina ina duba kawunan sahun gaba, har in yi istigfari. Yaya ba ta sake ɗaukar allura ba. Tana nan gindin lemon tsami da fensir a hannu, 'yan matan unguwa biyu suna koyo a gefenta, in na shigo ko sallamata ba ta gama amsawa take cewa, "Auta, ta ina yake karyawa?"